Raba Hassan da Husaini a Cikin Ruwa

Bayan ƙaramar Sallah ɗan ƙanwata ya dawo daga Jos, inda ya yi wata huɗu yana bin masu haƙar ma'adinai. Ya same ni a zaure a nan Ƙofar Marusa, riƙe da gorar ruwa cike da wani baƙin yashi mai nauyi. Da muka gama gaisawa ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce, "Kawu, ku da kuka daɗe kuna koyar da kimiyyar sinadarai, ku duba mini wannan." Kwalambayit ne, dutsen da ake samu tare da kuza, mai ɗauke da ƙarafa biyu, niyobiyom da tantalom. Ya ce mai saye yana zuwa da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga, ya ɗora bakinta a kan yashin, lambobi su fito. In lambar tantalom ta hau, kuɗi ya hau. In niyobiyom ne ya rinjaya, kuɗi ya sauka. Sai ya ce, "To Kawu, me ya hana mu narka shi da kanmu, mu fitar da mai tsadar mu sayar da shi daban?"

Tambayar ta shige ni ƙwarai. Kakana ya yi ƙwadagon kuza a Bukuru, kuma a shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da kwalambayit a duniya. Shekara saba'in ke nan muna cika buhu muna miƙawa, ba mu cika tambayar abin da ake yi da buhun bayan ya hau jirgi ba. Abin da ake yi da shi kuwa, shi ne inda kuɗin yake.

Wuta ba ta raba su. Niyobiyom sai zafi ya kai digiri 2,477 yake narkewa, tantalom kuwa sai ya wuce 3,000, kuma ko an samu wannan wuta, su biyun gauraya suke yi kamar an zuba ruwa a cikin ruwa. Regaya ma ba ta yi. Matan da ke rege shinkafa suna fitar da tsakuwa ne domin tsakuwa daban take, ƙwayar shinkafa daban, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. A cikin kwalambayit kuwa, ƙarafan biyu suna zaune ne a cikin ƙwaya guda, ƙwayar zarra ta wannan a gefen ta wancan. Kamar a surfa gero da maiwa tare ne, a niƙa, a dama kunu, sannan a miƙo maka ƙwarya a ce ka ware geron.

Turawan ma sun sha wuya kafin su gane cewa abu biyu ne. A 1801 Charles Hatchett ya gano niyobiyom a Ingila, a 1802 Anders Ekeberg ya gano tantalom a Suwidin, a 1809 kuma wani babban masani, William Wollaston, ya gwada su ya ce ai abu ɗaya ne aka ba suna biyu. Aka zauna a kan wannan kuskure fiye da shekara talatin, sai a 1844 Heinrich Rose ya sake tayar da maganar, kuma sai a 1866 Marignac ya samo hanyar raba su a Janeba. Akwai wanda ya fi wannan. A 1841 aka gano wani ƙarfe aka sa masa suna didimiyom, wato "tagwaye" da Girkanci. Shekara 44 ana rubuta shi a littattafai a matsayin ƙarfe guda, sai a 1885 Carl Auer von Welsbach ya tsaga shi biyu a Biyana: niyodimiyom da furasiyodimiyom. Hafniyom kuwa ya ɓuya a bayan zakoniyom har 1923, alhali duk yashin zakon da aka taɓa ɗauka a duniya yana ɗauke da kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na hafniyom a cikin ƙarfensa.

Me ya kawo wannan kama? A jadawalin sinadarai, ƙa'ida ita ce duk saukar da ka yi layi ɗaya, ƙwayar zarra takan ƙara girma. Amma akwai wani jeri na ƙarafa 15, daga lantanom zuwa lutetiyom, da suka ɓata wannan ƙa'ida. Duk taku ɗaya da ka yi gaba a cikin jerin, cibiyar ƙwayar tana ƙara ƙarfin jawowa, sababbin ilektiron ɗin da ake ƙarawa kuma suna shigewa can ciki ne, ba su iya tare wannan ja. Saboda haka ƙwayar sai ta riƙa tsukewa a hankali, daga kusan fikomita 103 zuwa 86. Fikomita ɗaya shi ne ka raba milimita gida biliyan. Ke nan tsakanin kowane ƙarfe da maƙwabcinsa bambancin bai wuce fikomita ɗaya da ɗan ɗori ba, kuma kusan dukansu caji uku suke ɗauka a cikin ruwa. Wannan tsukewa ita ce ta cinye girman da ya kamata hafniyom da tantalom su samu, domin suna zuwa ne bayan jerin. Tantalom ya kusa ninka niyobiyom nauyi, 181 da 93, amma girman jikinsu ɗaya, cajinsu ɗaya. Sinadarin da ke cikin ruwa kuwa ba ya ɗaga abu ya ji nauyinsa. Girma da caji kawai yake gani, kamar baƙon da ya ga tagwaye cikin riga iri ɗaya.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Bambancin yana nan, ƙarami ne kawai, kuma dukan wannan fanni an gina shi ne a kan yadda za a ɗauki ƙaramin bambanci a yi ta ninka shi har ya zama babba. Mutanen farko sun yi haka da daskarar da gishirin ƙarfe: a narka, a bari ya daskare, a kwashe, a sake narkawa. Charles James, a Amurka, ya ba da rahoto a 1911 cewa sau 15,000 ya maimaita wannan kafin ya samu tsarkakken gishirin tuliyom. Mutum na iya yin haka don ilimi, amma masana'anta ba za ta iya ba.

Hanyar da ta maye gurbinta tana cikin kowace tukunyar miya a Katsina. A soya tattasai da attaruhu da man gyaɗa, a tsaida ruwa, a sa gishiri, a bari ta kwanta. Man da ya taso sama ya zama ja, kuma shi ya kwashi mafi yawan zafin yajin. Gishiri kuwa yana ƙasa cikin romo. Babu wanda ya tsince su, kowanne ya koma inda ya fi jin daɗin zama. In ka kwalfe man nan, ka raba launi da gishiri ba tare da rariya ba. Wannan shi ne tsamowa da ruwa biyu marasa gauraya: ruwa a ƙasa, mai a sama, iyaka a tsakani. Tun 1842 Bafaranshe Péligot ya yi amfani da dabarar ya tsarkake yuraniyom, a 1891 kuma Walther Nernst ya rubuta ƙa'idar da ke nuna cewa abu yakan rabu tsakanin ruwan biyu a kan wani kaso tsayayye. Yaƙin Duniya na Biyu da neman yuraniyom da fulutoniyom ne suka fitar da ita daga ɗakin gwaji zuwa masana'anta.

Amma akwai cikas. Ƙarfen da aka narka a cikin asid ɗan gidan ruwa ne, kamar gishiri. Yana da caji, ƙwayoyin ruwa sun kewaye shi sun riƙe, ba zai taɓa shiga kananzir da ƙafarsa ba. Sai an samo masa ɗan fito. Duk wanda ya san Jibiya ko Kwangwalam ya san mutumin da ya iya harshen nan ya iya na can, aikinsa ƙetarar da kaya. Ɗan fiton nan wani sinadari ne da ake narkawa a cikin kananzir, yana da kai da wutsiya. Kan yana cafke ƙarfe, wutsiyar kuma doguwar sarƙa ce ta mai, ba ta son ruwa ko kaɗan. Idan aka kaɗa ruwan biyu tare, kawunan sai su taru su cafke ƙwayar ƙarfe, wutsiyoyin su lulluɓe ta, ta zama kamar ɗigon mai, ta haye. Sunayensu na kasuwa lambobi ne: D2EHPA, wanda Sinawa ke kira P204, da P507, da TBP, da Cyanex 272. Yawancinsu kan nasu na fosfaras ne, dangin abin da ke cikin takin zamani.

Ga inda abin ya fi ƙayatar da ni, kuma a nan ne ɗalibaina suka fi tsayawa su yi shiru. Ɗan fito irin P507 ba ya ɗaukar kaya kyauta. Duk ƙwayar ƙarfe mai caji uku da ya ɗauka, yakan saki ƙwayar haidurojin uku cikin ruwa, wato yana biya da tsami. Ke nan idan ruwan ba shi da tsami sosai, cinikin yana tafiya, ƙarfe na hayewa cikin mai. Idan aka cika ruwan da asid, cinikin sai ya juya, ɗan fito ya karɓi haidurojinsa ya saki ƙarfen ya dawo ruwa. Ƙofa ɗaya ce, makullinta ma'aunin tsami. Kuma tun da aikin da kansa yana ƙara tsami, dole a riƙa kashe shi, kamar yadda ake jefa kanwa a miyar yakuwa. A masana'anta da amoniya ake yi, ko da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. A riƙe wannan, domin daga nan ne wata babbar matsala take fitowa.

Ɗan fiton yana da son kai, amma kaɗan. Ƙwayar da ta fi ƙanƙanta, cajinta ya fi taruwa wuri ɗaya, shi ya sa ya fi riƙe ta gam. Tsakanin niyodimiyom da furasiyodimiyom, fifikon bai wuce ɗaya da rabi ba. Mu yi lissafin tare. A fara da hamsin da hamsin. Kaɗawa ɗaya, abin da ya hau mai zai zama sittin da arba'in. A ɗauki wannan a sake, ya zama 69 da 31. A karo na goma an kai kashi 98 cikin ɗari. A karo na 17 an kai 99.9. In ana so ɗaya gefen ma ya tsarkaka haka, lissafin ya ninka ya koma 34, kuma wannan a takarda ne, inda ba a fitar da komai ana sayarwa. A aikace adadin yakan haura haka nesa.

Mai lura zai ce, ai duk kaɗawar da aka yi an bar rabin kaya a baya, kafin a kai ta 17 abin da ya rage bai cika cokali ba. Gaskiya ne, kuma maganin wannan shi ne zuciyar sana'ar. A ɗauka an jera mata arba'in, kowace da faifanta suna bakace. Ana zuba sabon hatsi a faifan ta tsakiya kawai. Kowace mace in ta bakace, sai ta tura ɓangaren da ya fi nauyi ga ta hannun damanta, marar nauyin ga ta hagunta, ita kuma ta karɓa daga ɓangarorin biyu. Babu wadda ta iya aikin sosai, babu kuma wadda ta zubar da komai. Ƙwayar da ta bi hanyar da ba tata ba, ta gaba za ta maido ta. Bayan an daɗe ana yi, ta ƙarshen dama tsaba zalla take fitarwa, ta ƙarshen hagu ƙaiƙayi zalla.

A masana'anta faifan nan akwati ne mai ɗaki biyu. A ɗakin farko farfela tana kaɗa ruwa da mai na 'yan mintoci, a na biyu su kwanta su rabu, mai ya malala ta sama zuwa akwatin dama, ruwa ya bi ta ƙasa zuwa akwatin hagu. Man yana tafiya gabas, ruwan yana tafiya yamma, suna ta gamuwa suna rabuwa. Jerin kashi uku ne. A kashin farko ake ɗora kaya a kan mai. A na biyu ake wanke man, kuma dabarar wankin ita ce a maido wani ɓangare na tsarkakken ƙarfen da aka riga aka samu, domin ya ture baƙon da ya maƙale ya hau gurbinsa. A na uku ake sauke kayan da asid mai ƙarfi, man ya koma farko ya sake ɗaukowa. Wani alherin wannan tsari, musamman ga irinmu, shi ne in an ɗauke wuta kowane akwati yana riƙe da abin da ke cikinsa, in ta dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Jeri ɗaya yanka ɗaya yake yi, wato ya raba kaya gida biyu. Wanda ke son ya ware ƙarafa goma sha wani abu, sai ya yi jeri bayan jeri, shi ya sa masana'antar irin wannan take da ɗaruruwan akwatuna, kuma takan ɗauki makonni kafin ta daidaita ta fara ba da kaya mai kyau. Ƙarfen da ke kwance cikin akwatunan nan kuɗi ne da aka binne. Saboda haka duk inda aka ga gajeriyar hanya ana bin ta. Siriyom yana yarda a ɗaga cajinsa zuwa huɗu, yurofiyom yana yarda a sauke nasa zuwa biyu, da zarar an yi haka sun fita daga kamannin 'yan'uwansu, a cire su cikin sauƙi. Tsakanin niyodimiyom da samariyom kuma akwai giɓi, domin furometiyom da ya kamata ya zauna a wurin ba ya daɗewa a duniya, ruɓewa yake yi, don haka a nan ake fara yanka. Masu yin maganaɗisu ma sau da yawa ba su damu a raba musu niyodimiyom da furasiyodimiyom ba, tare suke saye, tun da duka biyun suna aikin.

Ba kullum ne girma yake raba gardama ba. Kobal da nikel maƙwabta ne, lamba 27 da 28, nauyinsu 58.9 da 58.7. Amma halinsu ya bambanta ta wani wuri: nikel yana son maƙwabta shida a kewaye da shi, kuma yana riƙe ƙwayoyin ruwansa da ƙarfi, kobal kuwa yana yarda ya saki ruwan ya zauna da huɗu. Masana suka ƙera ɗan fito mai ƙiba, Cyanex 272, a farkon shekarun 1980, wanda kafaɗunsa ba su barin wuri sai na huɗu. Kobal ya shiga, nikel ya tsaya a waje, fifikon a nan ya kai dubbai, ba ɗaya da rabi ba, akwatuna kaɗan sun wadatar. Ana ganin abin da ido: kobal a ruwa ruwan hoda ne, nikel kore, da an kaɗa sai man ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, ruwan ƙasa ya rage kore shar.

Zakoniyom da hafniyom kuwa, dalilin raba su ya fito daga tashoshin nukiliya. Zakoniyom yana barin niyutiron, ƙwayar da ke rura wutar nukiliya, ya wuce, shi ya sa ake yin bututun man nukiliya da shi. Hafniyom yana haɗiye niyutiron kusan ninki 600 fiye da shi, don haka ɗan kaɗan ɗinsa yana ɓata aikin, amma in an ware shi, shi ne ake yin sandunan rage wutar tashar da shi.

Yanzu ga amsar ɗan ƙanwata. Tun shekarun 1950 ana raba niyobiyom da tantalom da wannan hanya. Ana narka kwalambayit a cikin asid na haidurofulorik haɗe da salfurik, wanda muka sani da ruwan batir. Ana kaɗa shi da wani mai da ake kira MIBK. In tsami ya yi ƙarfi, su biyun suna hayewa su bar baƙin ƙarfe da manganis a baya. Sai a wanke man da asid marar ƙarfi, niyobiyom ya sauko, tantalom ya maƙale. Daga baya a sauke tantalom da ruwa. Tantalom ya tafi cikin ƙananan ma'ajiyar caji na wayar da ke aljihunka, niyobiyom ya tafi ƙarfafa ƙarfen bututun gas da gadoji, da maganaɗisun na'urar hoton jiki ta asibiti. A baki abin gajere ne. Amma asid na haidurofulorik yana cin gilashi, in ya taɓa fata yakan ratsa har ƙashi, kuma ɗan abin da ya zuba a jiki yana iya tsayar da zuciya. MIBK kuma yana kama wuta. Na faɗa masa, "Ɗana, ko da wasa kada wani ya ruɗe ka ku gwada wannan a bayan gida."

Kada a ɗauka wannan sana'a ta nesa ce. Mutanen Daura da Mai'aduwa da yawa suna da dangi da suka yi aiki a Arlit, a Jamhuriyar Nijar, inda aka fara fitar da yuraniyom a 1971. A can ana jiƙa dutse da ruwan batir, a tsamo yuraniyom da ɗan fito a cikin mai, a sauke shi ya zama wani gari da ake zubawa a durom. A Zambiya, a Nchanga, tun shekarun 1970 ake tsamo jan ƙarfe haka daga tarkacen haƙa, bayan an fara gwada hanyar a Arizona a 1968. Yau kusan kashi ɗaya cikin biyar na jan ƙarfen da ake haƙowa a duniya ta wannan hanya yake fitowa.

Wanda ya fi kowa gane darajar abin shi ne ƙasar Sin. A 1972 aka ba wani malamin Jami'ar Beijin, Xu Guangxian, aikin raba tagwayen nan, niyodimiyom da furasiyodimiyom. Bai tsaya ga samo ɗan fito ba, ya zauna ya fitar da lissafin jerin gaba ɗaya: akwati nawa, gudun ruwa nawa, a ina za a zuba kaya. Lissafinsa ya sa ana iya tsara masana'anta a takarda ba sai an shekara ana gwaji ba, kuma ya koyar da shi ga injiniyoyin ƙasar. Yau kusan kashi 90 cikin ɗari na tace ƙarafan jerin nan na lantanom zuwa lutetiyom a Sin ake yi, alhali dutsen yana nan a Amurka da Ostareliya da Barazil da Indiya. An yi shekaru ana haƙo shi a Mountain Pass ta Kalifoniya ana aika shi Sin a raba. Sin ta riga ta hana fitar da fasahar rabawar zuwa waje, a Disamban 2023 ta ƙara da fasahar yin maganaɗisu da ƙarafan, a Afrilun 2025 kuma ta sa takunkumin lasisi a kan fitar da bakwai daga cikin ƙarafan, har da disfurosiyom da tabiyom, waɗanda ake ƙarawa maganaɗisu don ya jure zafi. Maganaɗisun nan yana cikin lasifikar waya, da motar lantarki, da da yawa daga manyan injinan iska na zamani, ƙannen waɗanda muke hange a Lambar Rimi. A lura da abin da suka fara kullewa: ilimin jera akwatuna ne.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, domin ita ce ta fi damuna. Amoniyar da na ce a riƙe, bayan ta kashe tsami ba ɓacewa take yi ba, tana fita ne cikin ruwan datti mai yawan gaske. Ga asid, ga gishiri, ga ragowar mai. Duwatsun nan kuma sau da yawa suna tafe da toriyom da yuraniyom masu fitar da tururin nukiliya. A Baotou ta ƙasar Sin akwai wani makeken tafki na baƙin taɓo da wannan aiki ya haifar. A Mountain Pass fashewar bututun ruwan datti na cikin abin da ya tsayar da aikin rabawa a 1998. Wani ɓangare na rinjayen Sin, ta saye shi ne da ƙasarta da ruwanta. Mu kuma ba baƙin wannan ba ne. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka shi a tsakar gida, inda ake daka hatsi. Yashin Jos ma yakan zo da monazayit, mai ɗauke da toriyom. Shi ya sa na ce wa yaron ya fitar da buhunansa daga ɗakin da yake kwana, ya riƙa jiƙa yashin kafin ya tankaɗe, kada ya shaƙi ƙurar, kada kuma a yi yaɓen ɗaki da ragowar.

Gwamnatin tarayya tana cewa ba za ta ƙara ba da lasisin haƙa ba sai ga wanda zai sarrafa a gida. Ina goyon bayan haka, amma a bambanta wanki da rabawa. Wanke yashi da niƙa shi da cika shi a buhu mai tambari ba shi ne sarrafawar da ke kawo kuɗi ba. Mun taɓa samun masana'antar narka kuza a Makeri, kusa da Jos, tun farkon shekarun 1960, amma kwalambayit ɗinmu a buhu ya riƙa fita, har Barazil ta zo da ma'adinin Araxá ta kwashe kasuwar niyobiyom kusan baki ɗaya. Kuma ko an gina masana'antar gobe, in babu 'ya'yanmu da suka san dalilin da ya sa aka zuba kaya a akwati na ashirin ba na talatin ba, za mu zama masu gadi ne a ƙofarta.

Jihar da ta fitar da shugaban ƙasa wanda asalinsa malamin kimiyyar sinadarai ne, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana da inda za ta fara: jami'ar da ke ɗauke da sunansa, da ta tarayya a Dutsin-ma, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman. Shawarata kada a fara da kwalambayit, saboda asid ɗinsa ya fi ƙarfin ɗakin gwajin ɗalibai. A fara da kobal da nikel. Kayan aikin suna hannun 'yan gwangwan: matattun batiran waya da na kwamfutar hannu, waɗanda ake tarawa ana sayarwa a kilo. A sauke musu caji, a buɗe su a inda iska ke ja, da safar hannu da tabarau. Baƙin garin da ke ciki a narka shi da ruwan batir marar ƙarfi, a tace. Abin da za a saya daga waje shi ne 'yan litoci na Cyanex 272 da na'urar auna tsami mai kyau. Ɗalibi ya zuba ruwan a kwalbar rabawa, ya ƙara kananzir mai ɗan fito, ya ɗiga soda har tsamin ya ragu, na'urar ta nuna kusa da 5, ya girgiza minti uku, ya ajiye. Idan shuɗin ya taso, ya auna nawa ya hau, nawa ya rage, ya fitar da lambar fifikon da hannunsa. Sai a ba shi kwalba ta biyu da ta uku, ya jera su, mai ya bi dama, ruwa ya bi hagu, ya rubuta inda zai kai ruwan dattin kowace kwalba kafin a bar shi ya ci gaba. Daga kwalba ta goma ne za a fara maganar akwatin roba mai farfela, da famfo, da wanda zai kwana yana duba ma'aunin tsami.